Yadda Ake Samo Mutum-mutumin Rezin Da Yi Masa Fenti Ya Dace Da Ƙaramar Motar Ado

Ƙaramar motar ado, komai kyan ƙirarta, in tana zaune ita kaɗai ba mai iya cewa ga girmanta na ainihi. Sai an tsayar da mutum a gefenta ido yake samun abin gwadawa. Ɗauki motar tseren nan Ford GT40, wadda tsayinta daga ƙasa zuwa rufi inci 40 ne kacal, wato mita ɗaya da 'yan kai. Ba za ka gane yadda take kwance a ƙasa ba sai ka ga bakanike tsaye kusa da ita, rufin ya tsaya masa a ƙugu. Amma fa akwai abin lura. Ido yana yi wa mota uzuri, ba ya yi wa mutum. Ƙofa ta ɗan karkace, ba kowa zai kula ba. Mutum-mutumi kuwa ya fito da zazzaron ido ko fata mai sheƙi, yaro ma zai ce wannan 'yar tsana ce, kuma ya ja darajar motar ƙasa tare da shi.

Fara da rula

Kafin ka buɗe kowane shafin ciniki, ka san tsayin da kake nema da milimita. Lissafin ba wuya: ɗauki tsayin mutum matsakaici, a ce milimita 1750, ka raba da lambar ma'aunin motarka, wato lambar da ke nuna sau nawa aka rage girman motar gaske. A ma'aunin 1:18 za ka samu kusan milimita 97, a 1:24 kusan 73, a 1:43 kusan 41, a 1:64 kuma 27. Rubuta lambarka ka ajiye. Idan mai sayarwa ya rubuta ma'auni kawai bai faɗi tsayi ba, tambaye shi tsayin daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, ban da dandamalin da aka dasa shi a kai, ban da hula.

Ba dole sai lamba ta zo daidai cif ba, tunda mutane ma ba tsayinsu ɗaya ba. Motocin ado na kamfanin AMT da yawancin na Revell na Amurka 1:25 ne, na Tamiya da Fujimi da Hasegawa kuma 1:24, amma bambancin a jikin mutum-mutumi milimita 3 ne, don haka ana cakuɗa su ba wanda zai gane. Na jiragen ƙasa na ado masu ma'aunin 1:22.5 sukan kai milimita 78, kusa da motar 1:24 sai su zama dogon mutum mai kimanin mita 1.87. Guda ɗaya zai wuce, amma in duk taron haka suke, motar za ta koma ƙarama. Sojojin 1:35 kuwa, duk da sun fi kowane iri yawa a kasuwa, milimita 50 ne, kada ma ka gwada. Haka nan 'yan mutanen wasan yaƙi na kan tebur da ake kira na milimita 28: tsayinsu ya yi kusa da 1:64, amma da gangan ake kumbura musu kai da hannaye, kusa da mota sai su yi kama da dodanni.

Masu tara ƙananan motocin Hot Wheels da Matchbox su ƙara kula. Ana ce musu 1:64 ne a baki, amma ana ƙera kowace mota ne ta shiga kwalinta, saboda haka babbar mota takan tsuke, ƙarama ta kumbura. Motocin Mini GT da makamantansu sun fi riƙe ma'auni. Gwaji mai sauƙi: yanka takarda daidai tsayin da ka lissafa, ka jingina ta da motar. In motar gida ce ta yau da kullum, rufin ya kamata ya zo wajen kafaɗa.

Inda ake samu, da abin da za ka duba

Rezin wani irin ruwan roba ne da ke daskarewa ya yi tauri, kuma iri uku ne ke yawo da sunansa. Akwai na zubi, wanda ake zuba ruwan foliyuretan a mazubin silikon. Shi ne na gargajiya a wannan sana'a, yana fitar da ƙananan bayanai sosai, amma yakan zo da ƙofofin iska da layin mahaɗar mazubi. Akwai na bugun firinta mai 3D, wanda haske ke daskarar da shi hawa-hawa. Shi ya cika Etsy da eBay da AliExpress yanzu, kuma amfaninsa shi ne mai bugawa zai iya fitar maka da mutum ɗaya a duk ma'aunin da ka so. In kana da firinta, ko ka san mai ita, sai ka sayi fayil ɗin STL, wato zanen da firintar ke bugawa, a shafin Cults3D ko CGTrader ko MyMiniFactory. Na uku su ne waɗanda suka zo da fentinsu, irin na American Diorama. Ƙirarsu ba laifi, fentin masana'anta ne yakan yi kauri, kuma ana iya sake shi. Kada kuma ka raina na roba don sunansu ba rezin ba: ICM da Master Box na Yukiren suna da mutane masu kyau a 1:24, Fujimi na da makanikai da direbobi, kuma fentinsu duk hanya ɗaya ce. Shafin Scalemates yana taimakawa wajen gano abin da aka taɓa fitarwa a kowane ma'auni.

A hoton talla, fuska da hannaye za ka fara dubawa. Mai sassaƙa in gwani ne a yatsu ake gane shi: a rabe suke, da gaɓoɓi, ba dunƙule ba. Sai naɗin tufafi, ko ya bi motsin jiki, ya taru a gwiwar hannu da bayan gwiwa. Sai tsayuwa. Mutumin gaske yakan ɗora nauyinsa a ƙafa ɗaya, kafaɗa ɗaya ta ɗan sauka. Wanda ya miƙe ƙyam da hannaye a saɓule ba fentin da zai rayar da shi. Idan hoton na kwamfuta ne, sumul ba tabo, nemi a nuna maka hoton wanda aka buga da gaske, domin a nan ne za ka ga ko layukan bugu sun yi rububi a kumatu. Bugun da kaurin kowane hawa bai wuce milimita 0.05 ba ya wadatar, in an samu 0.03 ya fi.

Akwai kuma kwafin sata, inda wani zai sayi na asali ya yi masa sabon mazubi ya riƙa zubawa. Araha ba ta ado: kwafin yakan ɗan tsuke, bayanan fuska su dushe, ga shi an ci haƙƙin mai sassaƙa. Alamarsa shago ɗaya yana sayar da kayan kamfanoni barkatai ba kwali ba suna.

Abu na ƙarshe kafin ka biya, zamani ya dace. Hular kwano mai rufe fuska duka ta shigo tseren mota ne a 1968 da Bell Star, don haka ba ta da gurbi a motar tsere ta shekarun 1950. Abin tallafar wuya na HANS ya zama dole a Formula 1 a 2003. Masu kallon da suka san mota sukan hango irin wannan tun kafin su duba fentinka.

Wanki da gyara

Wanke shi tukuna. Rezin na zubi yana zuwa da maiƙon da ake shafa wa mazubi don kada ya manne, kuma fenti ba ya zama a kansa. Ruwa mai ɗumi, sabulun ruwa, tsohon buroshin haƙori, ka cuɗa kowane lungu, ka ɗauraye, ka bar shi ya bushe da kansa. Na firinta in ka ji yana danƙo ko yana wari mai ƙarfi, bai gama daskarewa ba. Sa safar hannu, domin ɗanyen rezin yana cin fata, ka wanke shi da sifirit na aisofurofil, ka bari ya bushe, sannan ka ajiye shi a hasken rana ko fitilar UV na 'yan mintoci kana juya shi.

Rarar zubin da ke manne a ƙafa ko hannu da ƙaramin zarto mai siririn haƙori ake yanke ta. In ka datse da filaya rezin yakan tsage, ya tafi da diddige. Layin mahaɗa kuma da bayan reza ake kankare shi a hankali, a bi da sanfefa mai lamba 400, sannan 600 ko 800. Jiƙa sanfefar da ruwa kullum, ka sa takunkumi. Ƙurar rezin ba abin shaƙa ba ce, kuma ruwan yana hana ta tashi. Ƙananan ramukan iska ka cike su da foti, wato kwaɓin cike giɓi, irin na Tamiya ko Milliput, ko ɗigon sufa gulu a bakin tsinke. Hannu ko sanda da ya lanƙwashe, tsoma shi a ruwan zafi da bai kai ga tafasa ba na ɗan lokaci, ka miƙar da shi da yatsa, ka tsoma a ruwan sanyi ya riƙe.

Gam ɗin da ake haɗa motocin roba da shi narkar da roba yake yi, ba ya kama rezin ko kaɗan. Sufa gulu ko gam mai haɗi biyu, wato ifoksi, su ne abin amfani. A 1:24 zuwa sama, huda kafaɗa da dantse da ɗan abin huda na hannu, ka sa guntuwar wayar tagulla mai kaurin milimita 0.8 ko 1 a tsakani kafin gam. Huda tafin ƙafa ɗaya ma ka sa waya mai ɗan tsawo, ka soke ta a toton kwalba ko guntun katako. Wannan ne mariƙinka har ƙarshen aiki, yatsa ba zai ƙara taɓa jikin ba.

Direba sai an yi masa tiyata

Wanda zai tsaya a gefe ba shi da rigima. Mai zama a ciki kuwa da wuya ya shiga lafiya, saboda cikin motar ado ya fi na gaskiya ƙunci: ƙasan yana da kauri, kujera ba ta lotsawa yadda soso ke yi. Duba tukuna ko sitiyarin na dama ne, irin na Japan da Ingila, ko na hagu, irin na Amurka da Jamus, domin hannun da ke kan giya zai sauya. Zaunar da gangar jikin ba gam, ka ɗora rufi. In kai ya tokare, ci mazaunai da bayan cinya da sanfefa mai kaushi, kaɗan-kaɗan kana gwadawa, har ya nutse cikin kujera. In ƙafafu sun hana, yanke su daga idon sawu ko ma daga ƙwauri, ba mai leƙa ƙarƙashin dashbod. Hannaye su ne na ƙarshe. Manna tafin a kan sitiyari tukuna, sannan ka daidaita dantse da kafaɗa, giɓin da ya rage ka cike da Milliput, ka zana naɗin riga a kai da jiƙaƙƙen tsinke tun bai bushe ba. Direban da hannunsa ke shawagi milimita biyu sama da sitiyari ya fi komai tona asiri. Bel ɗin kujera kuma bayan fenti ake sa shi, a bi ta kan kafaɗa ya ɗan danne riga.

Fentin shimfiɗa

Ba a tsallake firaima, wato fentin farko da sauran ke kamawa a kansa, a kan rezin. Gwangwanin feshi na Tamiya Fine Surface Primer ko Mr. Surfacer 1200 ya isa. Girgiza sosai, ka fesa daga nisan santimita 20 zuwa 25, wucewa biyu ko uku marasa nauyi, kada ka tsaya wuri ɗaya har ya taru a ido da kunne. Ruwan toka ya fi, domin yana fallasa duk layin da ka manta. Za ka ga wasu kuwa, sai ka koma kan sanfefa ka sake fesawa. Bar shi ya kwana.

Akwai dabarar da ke sauƙaƙa wa sabon hannu: fesa baƙi ko toka mai duhu a jiki duka, sannan ka fesa fari sama-sama daga bisa kai kawai. Inda farin ya sauka nan haske zai faɗa, inda ya rage duhu nan inuwa take. Ɗauki hotonsa a haka ka ajiye, zai zama jagorarka.

Fuska da fata

Fentin akirilik mai narkewa da ruwa, irin su Vallejo Model Color ko AK Interactive ko Citadel, shi ya fi dacewa da buroshi. Buroshi mai lamba 1 ko 0 mai tsinin baki ya fi ɗan mitsitsin nan mai lamba 000, wanda fenti ke bushewa a bakinsa kafin ya kai fuska. Tanadi faranti mai danshi: kwano marar zurfi, jiƙaƙƙen soso ko tishu a ƙasa, takardar da ake shimfiɗawa wajen gasa kek a sama. Fenti zai daɗe bai bushe ba, kuma haɗin launinka zai jira ka. Tsinka fentin da ruwa har in ka ja shi a kan rubutun jarida kana iya karanta rubutun ta ƙarƙashinsa. Shafa biyu ko uku masu ruwa-ruwa sun fi ɗaya mai kauri, wanda ke cike ƙofar hanci da tsagar leɓe. Kafin buroshi ya taɓa fuska, ɗan goga gefensa a tishu, ya zama yana da danshi amma ba ya ɗiga.

A 1:24 kan mutum bai kai santimita ɗaya cikakke ba, don haka launi uku sun isa: na tsakiya, na inuwa, na haske. Shafe fuska da wuya da hannaye da na tsakiya. Sannan ka ɗauko na inuwa ka sa a ramin ido, ƙarƙashin hanci, ƙarƙashin leɓen ƙasa, ƙarƙashin haɓa, gefen kumatu, bakin gashi da tsakanin yatsu. Na haske kuma a goshi, doron hanci, saman kumatu, kan haɓa, gefen kunne da gaɓoɓin yatsu, kowane shafi yana ƙanƙanta fiye da na bayansa. In iyakar launi biyu ta fito ƙarara, tsinka na tsakiya ya zama kusan ruwa, ka wuce da shi a kan iyakar sau biyu.

Ga baƙar fata, kada ka kai hannu ga baƙin fenti, kuma kada ka haskaka da fari, sai ta yi toka-toka ta mutu. Fara da ruwan ƙasa mai ja-ja, inuwa ka ƙara masa ɗan shunayya ko shuɗi mai duhu, haske kuma ka ƙara ruwan ɗorawa mai duhu ko ruwan goro. Tafin hannu ya fi baya haske, kada a manta. Ga farar fata, launin da ke fitowa daga kwalba yakan yi ruwan hoda da yawa, rage shi da ɗan ruwan ƙasa, inuwarsa kuma ja mai duhu. Namiji in kana son alamar gemun da aka aske, ɗigon shuɗi-toka a cikin launin fata, a tsinke sosai, a muƙamuƙi da saman leɓe.

Ido ne ke kashe yawancin aiki. Faɗin idon mutum kusan santimita 3 ne, a 1:24 ya koma milimita ɗaya da kwata, a 1:43 bai kai ɗaya ba. Tsaya ka kalli mutum daga tsallaken titi, ba za ka ga farin idonsa ba, duhu kawai za ka gani ƙarƙashin gira. To a 1:43 da 1:64 haka za ka yi, siririn layi mai duhu, shi ke nan. A 1:24 da 1:18 cike ramin da ruwan ƙasa mai duhu, ka ja ɗan layi a ciki da fari wanda aka dusashe da launin fata, sannan ka sauko da ɗigo mai duhu daga fatar ido ta sama har ya taɓa ta ƙasa. In fari ya kewaye ƙwayar ta ko'ina, mutumin zai fito a firgice. Karkatar da ƙwayoyin biyu gefe ɗaya, wajen motar, ya fi sauƙi a kan daidaita su tsakiya, kuma yana sa a ga kamar wani abu yake dubawa. Idon da ya fi maka wuyar kaiwa shi za ka fara yi, in ya so ka juya mutum-mutumin kai ƙasa. Bayan nan ka rage girman idon da launin fata daga ƙasa. Leɓe ba ja ba ne, launin fata ne da aka ɗiga wa ja, kuma na ƙasa kaɗai ake haskakawa.

Tufafi

Daga ciki ake fitowa waje: fata, singileti, riga, jaket, sannan bel da maɓalli. Ƙa'idar launi uku tana nan. Abin da zan ƙara shi ne a dusashe kowane launi da ɗigon toka ko ruwan ƙasa, domin launi tsantsa daga kwalba ihu yake yi a ƙaramin jiki, yana ƙwace ido daga motar. Baƙar riga da toka mai duhu sosai ake fara ta, a bar baƙi tsantsa don cikin naɗi. Fara kuma da toka mai haske, fari tsantsa a kan kafaɗa da saman naɗi kawai. Wandon jins shuɗi-toka ne, sai a goga busasshen buroshi mai launi mafi haske a cinya da gwiwa da bakin aljihu. Siririn layi mai duhu a inda riga ta haɗu da wando, ko hannun riga da fata, yana raba abubuwa su fito sarai.

Kayan bakanike suna son datti, amma a inda datti ke zuwa: gwiwa, cinya inda yake goge hannu, bakin aljihu, gwiwar hannu. Kayan direban tsere masu tambari kuwa sitikar ruwa ake sa musu, wato wadda ake jiƙawa kafin a manna. Shafa banish, wato ruwan rufe fenti marar launi, mai sheƙi a wurin tukuna, ka ɗora sitikar, ka sa ruwan laushi irin Micro Sol don ta kwanta cikin naɗi.

Rufewa da dasawa

Mota sheƙi take so, mutum kuwa a'a. Wannan bambancin ne ke sa a ga ƙarfe ƙarfe ne, yadi yadi ne. Fesa banish marar sheƙi a jiki duka, sama-sama sau biyu, in ba haka ba zai fito kamar wanda ruwan sama ya yi wa duka. Kada ka fesa a ranar da iska ke da laima sosai, yakan yi fari-fari a kan fenti, kuma ka gwada a kan wani tarkace tukuna. In ya bushe, koma da buroshi ka ɗiga mai sheƙi a hular kwano, tabarau, agogo da takalmin fata. In aikin bai yi maka ba, akirilik yana fita da sifirit na aisofurofil da buroshin haƙori. Guji asiton da tina mai ƙarfi, suna iya lalata rezin.

Wajen dasawa, yanke wayar ƙafar ka bar kamar milimita 5, ka huda dandamali ka soke ta. In ba ka son huda, ɗan ƙwallon gam mai ɓantaruwa a ƙarƙashin takalmi zai riƙe. Sunkuya ka duba daga daidai ƙasa: tafin ƙafa biyu su taɓa, hannun da ya dafa bonet ya dafa da gaske, amma kada gam ya kusanci fentin motar ko gilashinta, domin tururin sufa gulu yana barin farin tabo. In akwai giɓi ƙarƙashin takalmi, ɗora sanfefa a kan tebur ka goga tafin a kai har ya zauna daram.